Kifin Wudil a Duwatsun Azbin

Shekarun baya, lokacin da hanyar Agadas take da lafiya, mahaifina ya wayi gari ya ce za mu je ganin hamada da duwatsun Azbin. Malami ne a jami'ar nan ta Wudil, ilimin ƙasa yake koyarwa, kuma ya daɗe yana mitar cewa furfura ta fito masa yana zana wa ɗalibai tudun yashi a allo, alhali bai taɓa taka ko ɗaya ba. Ni kuwa na gama sakandare ina zaman jiran sakamako, irin zaman da ko Darki nan kusa da mu aka ce a raka wani sai na riga shi saka takalmi. Tun bai rufe baki ba na ce na shirya.

Mahaifiyata ta tambaye shi wa muke da shi a can. Ya ce babu kowa. Ta ce to biki ake yi ko rasuwa aka yi, ya ce ko ɗaya, kallo kawai za mu je. Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce Allah Ya kyauta, ta ci gaba da tankaɗenta. Haka ma unguwa ta karɓi labarin. A wajenmu mutum ba ya ƙona mai ya tsallaka iyaka don ya ga dutse. Wasu suka ce neman magani za shi, wasu suka ce ya fara fataucin raƙuma ne a ɓoye. Amma rashin gane dalilin tafiyar bai hana kowa ba da sallahu ba. Wannan ta ce a sayo mata cuku, wancan ya ce takalmin fata, wani ya ce dabino mai laushi. Mahaifina yana ta huci, mahaifiyata tana ta amsawa da in sha Allahu.

Ana gobe za mu tashi, bayan la'asar, sai ga wata tsohuwa maƙwabciyarmu da kowa yake kira Inna. Gidanta ne na ƙarshe kafin a gangara bakin kogi. Mijinta masunci ne, ya rasu tuntuni, ita kuma ta ci gaba da bandar kifi tana sayarwa. Ta shigo da ƙunshi a takardar siminti, an ɗaure shi tam da igiya, ta zauna a gefen tabarma. Ta gaida mahaifiyata, ta tambayi Malam, ta tambayi yara, ta yi zancen tsadar itace da yadda ruwa ya ja baya da wuri a bana. Sai da ta miƙe za ta tafi sannan ta tura ƙunshin gaban mahaifiyata, idonta yana wani wajen.

“In Allah Ya sa kun haɗu da mutanen nan namu a can, ga ɗan kifi.”

Bayan ta fita na tambayi mahaifiyata su wane ne mutanen nan, don ni ban san Inna tana da dangi a Nijar ba. Ta ce mutum ɗaya ne, ɗanta na fari. Tun ina ƙarama ya bi wata babbar mota da niyyar zuwa Libya neman arziki. Labari na ƙarshe da aka samu, wani direba ne ya ce ya gan shi a tashar Agadas, daga nan shiru. Inna ba ta san yana raye ko ya mutu ba. Kuma da yake ɗan fari ne, ita kuwa tsohuwa ce ta da, kunya ba ta barinta ta faɗi sunansa ko ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Duk shekarun nan ba wanda ya taɓa jin ta tambaye shi. Sai da mahaifiyata ta yafa mayafi ta je gidan ƙanwar mijin Inna sannan ta samo sunan.

Da mahaifina ya ji, ya ce ai Agadas ba ƙauyen Lajawa ba ce, da za ka tsaya a ƙofar masallaci ka tambayi gidan wane a nuna maka. Mahaifiyata ta ce ita dai ta riga ta karɓa. Ta saka ƙunshin a bayan mota da hannunta, tsakanin jarkar ruwa da jakar kayana.

Mu huɗu ne a motar, har da mahaifiyata da ƙanwata da take aji biyu a sakandare. Kafin mu kai Daura kifin ya fara sanar da kansa. Da rana ta take, ko'ina ya ɗauka: kujeru, mayafai, har burodin da muka yi guzuri. A kan iyaka jami'in da ya leƙo ta taga sai da ya ja da baya, ya tambaya ko fataken kifi ne mu. Mahaifina ya ce a'a, 'yan yawon buɗe ido ne. Mutumin ya yi dariya ya ɗaga mana sanda, ina jin ya ɗauka raha ce. Ni da na fesa turare tun daga gida, na saka baƙin gilashi irin na 'yan fim, na ƙare ina wari kamar teburin mai kifi a bakin gada.

Bayan Damagaram ƙasa ta fara canzawa. Gonakin gero suka yi ta raguwa, itatuwa suka gajarce, daga Tanut kuma sai fili, iya ganinka. Can ka hango rijiya da raƙuma sun kewaye ta, can ka ga mutum ɗaya tilo yana tafiya a inda babu gida gaba babu gida baya, ka rasa daga ina ya fito. Mahaifina ya dinga tsayar da mota yana yi mana darasi. Ya ɗebo tsakuwa ya ce a nan teku ya taɓa kwanciya. Ƙanwata ta ce to ina ruwan ya tafi, ya ɗauko bayani tun daga farkon duniya har ta yi nadamar tambaya.

Da muka ga tudun yashi na farko, ya fita da gudu ya bar ƙofar mota a buɗe. Ban taɓa ganin ya yi gudu ba sai ranar. Muka bi shi. Na cire takalmi don in ji yashin a ƙafata, na kuwa ji shi, don sai da na sauko ina tsalle ina salati. Amma daga saman tudun, gaskiya abin ya kai a gani. Yashi ja-ja ya kwanta layi-layi har inda ya haɗu da sama, ga wani shiru da ban taɓa jin irinsa ba, har numfashina nake ji.

Mahaifiyata ba ta hau ba. Ita duk inda muka tsaya, wajen mai shayi take nufa, ko wajen direbobin manyan motoci da suke kwance a inuwar motocinsu. Ta gaishe su, ta faɗi sunan ɗan Inna, ta ce mutumin Wudil ne, dogo, baƙi. Su girgiza kai, ta yi godiya ta dawo. Haka muka yi ta tafiya, shi yana duban ƙasa, ita tana tambayar mutane.

Mun shiga Agadas da hantsi, dogon ginin masallacinta na jan laka mai itace a jiki muna hango shi tun daga nesa. Muka sami masauki. Mahaifina ya je ya daidaita da wani direba Buzu mai mota irin ta yashi, don tamu ba za ta iya duwatsu ba. Abin da ya fi so ya gani a duk tafiyar shi ne wani ruwa da yake gangarowa daga saman dutse ya taru a wani kwarmi, a can arewa cikin duwatsun. Ya daɗe yana karanta labarinsa. Hutunsa kuma ya kusa ƙarewa, hawa ɗaya kawai za mu iya yi mu juyo.

Ni da mahaifiyata muka shiga gari. Muka je tasha, muka je kasuwar dabbobi, muka je wajen masu sayar da abinci 'yan Najeriya. Wasu suka ce masu irin sunan nan sun fi a ƙirga. Wata mai tuwo ta ce mana, a hankali, da yawa daga masu tafiya arewa hamada ce take riƙe su, kada mu sa rai sosai. Mahaifiyata ta ce haka ne, ta tambayi hanyar wata kasuwar. Ƙafata ta gaji, na fara tunanin da ma an raba kifin nan sadaka kowa ya huta, amma ban isa in faɗa ba.

A wajen 'yan albasa muka sami bakin zare. Wani dillali ya ce shi bai san sunan ba, amma akwai wani mai lambu a wani kwari cikin duwatsu da kowa yake kira Bakano. Albasarsa tana da kyau, kuma ba ya zama da mutum bai ba shi labarin kogin garinsu da gadarsa ba. Mahaifiyata ta tambayi wane gefe ne kwarin. Ya nuna gabas.

Da yamma ta faɗa wa mahaifina. Ya ce ruwan da zai gani yana arewa, kwarin yana gabas, ba a haɗa su a fita ɗaya. Ya ce kuma ba tabbas mutumin shi ne, Kanawa sun cika duniya. Ya kawo shawarar a ba direbobin albasa ƙunshin su kai, tunda kullum suna hawa can. Maganarsa tana kan hanya, ni kaina na ga haka. Mahaifiyata ta bari ya gama.

“Malam, kifi dai mota za ta kai. To in mun koma ta zo ta zauna a tabarmata ta yi shiru, ba za ta tambaya ba, ni kuma ban san komai ba, me zan ce mata?”

Ya ɗauki buta ya fita. Da safe da direban ya zo, na ji yana gaya masa an canza, gabas za mu yi. Ya zauna a gaba ya ɗaure fuska, ya kuma daina yi mana darasi, abin da ni da ƙanwata muka ɗauka a matsayin riba.

Fushin bai daɗe ba, duwatsun ba su bar shi ba. Baƙaƙe ne wuluk, wasu a tsaye, wasu a tarwatse kamar an zubar da su daga kwando. Motar ta dinga bi ta busassun koramu, yashi fari a ƙasa, ƙayoyi da awaki a gefe. Muna hawa iska tana ƙara sanyi. Can muka zagaya wani dutse, sai ga kore shar a gabanmu: dabino, lemo, rumman, da fangalin albasa jere-jere. Raƙumi yana jan guga daga rijiya, ruwa yana bin ƙananan hanyoyi yana shiga shuka. Mahaifina ya manta yana fushi, ya fara nuna mana inda ruwan sama yake bi ya taru a ƙarƙashin yashi.

Aka nuna mana lambun Bakano. Mun same shi a duƙe yana buɗe wa ruwa hanya da fartanya, da rawani a kansa irin na Buzaye. Dogo ne, baƙi. Mahaifina ya yi sallama, ya ambaci sunan da muka zo da shi, ya ce daga Wudil muke.

Mutumin ya ɗago ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Fartanyar ta faɗi daga hannunsa. Ya zauna daɓas a cikin laka, ya fara inna lillahi.

“Yaushe ta rasu?”

Mahaifiyata ta matsa da sauri ta ce masa Inna tana nan da ranta da lafiyarta, ana gobe za mu taso ma ta zo gidanmu da ƙafarta. Bai yarda ba. Ya ce kada mu ɓoye masa, shi ba yaro ba ne, babu wanda zai taso da iyalinsa tun daga Wudil har nan in ba mutuwa aka yi ba. Mahaifina ya ce wallahi kallon duwatsu muka zo. Mutumin ya yi masa irin kallon da mutanen unguwarmu suka yi masa, don haka maganar ba ta taimaka ba.

Sai mahaifiyata ta ce in ɗauko ƙunshin. Ta kwance igiyar a gabansa. Tarwaɗa ce, an naɗe kowacce an soke ta da tsinke, ta sha hayaƙi ta yi baƙi. Ya ɗauki ɗaya ya juya ta, ya kai hanci. Daga nan ya juya mana baya, ya daɗe a haka. Mu ma muka ba shi wuri, kowa ya sami abin da zai kalla a cikin lambun.

Ya kai mu gidansa a bakin lambun. Yana da mata Buzuwa da 'ya'ya, babbar cikinsu sunan Inna ya saka mata. Ya ce Libya ba ta yiwu ba, guzuri ya ƙare masa a Agadas, sai ya bi masu lambu tunda aikin da ya iya ke nan tun a bakin kogin Wudil. Mahaifiyata ta tambaye shi me ya hana shi aike. Ya ce da cika baki ya bar gida, shekarar farko kunyar komawa hannu biyu ta hana shi, bayan nan kuma kunyar daɗewar ta fi ta farkon. Matarsa ta yi miya da kifin. Yaran ba su taɓa cin kifi ba, suka yi ta yatsina fuska, shi kuwa ya sauke rawani ya ci har da tsotse ƙaya. Ya haɗa mana albasa da dabino da rumman, ya ce mu gaida tsohuwa, in ya kwashe albasa zai zo.

Za mu tafi, mahaifina ya fito da kyamararsa. Akwai wani dutse mai kai biyu daidai ƙofar gidan, rana ta haske gefensa ɗaya. Ya ce kowa ya matsa don dutsen ya fito sosai, shi ba ya son mutane suna ɓata masa hoto. Duk muka matsa, har da mai gidan.

Washegarin dawowarmu Wudil, bayan la'asar, Inna ta zo. Ta zauna a gefen tabarma. Ta yi mana sannu da zuwa, ta tambayi hanya, ta tambayi zafin rana, ta ce ko suna samun ruwan sama a can, me mutanen can suke ci. Mahaifiyata ta bi ta a yadda ta zo. Ta ce mutanen can suna nan lafiya ƙalau, suna da lambu da rijiya, suna da iyali, har akwai wata yarinya takwararta. Ta ce sun ci kifi, sun kuma ce a gaishe ta. Ta tura mata buhun albasa da ƙullin dabino. Inna ta ce madalla, ta gyara mayafinta.

Ƙanwata, da ba ta san wani abu wai shi kara ba, ta ce Baba ya nuna wa Inna hoton ɗanta mana. Mahaifina ya ɗauko kyamarar ya fara dannawa. Yashi, yashi, raƙumi, masallaci, duwatsu. Ya kai ƙarshe ya sake komawa farko. Na ga fuskarsa ta canza. Ya durƙusa ya ce Inna ta gafarce shi, bai ɗauke shi ba ko sau ɗaya.

Ta ce babu komai, ya dai nuna mata yadda ƙasar take. Ya dinga wucewa tana kallo, har aka zo kan dutsen nan mai kai biyu. Mahaifiyata ta ce ai wannan shi ne a ƙofar gidan, duk wanda ya fito daga ɗaki da safe shi zai fara gani. Inna ta karɓi kyamarar da hannu biyu, ta matso da ita kusa da idonta. Hasken ya mutu, mahaifina ya sake kunna mata. Da ta miƙo masa, ta ce in ba wahala, bangon ɗakinta ba komai a jiki.

Ya kai hoton Kano aka wanke shi babba, aka saka a gilashi. Amma ya yi ta cin kansa, yana cewa ya je har can ya dawo wa tsohuwa da dutse. Mahaifiyata ta ce ya kwantar da hankalinsa. Da fuskar ɗan ce, da ko kallo ba za ta yi ba a gabanmu, balle ta rataye a inda masu sayen kifi za su gani. Dutse kuwa, wa zai ce mata wani abu.

Har yau in na ga mutane suna saka hotunan tafiye-tafiyensu, nakan tuna tafiyar nan ba tare da wani ɗaci ba. Mahaifina bai taɓa ganin ruwan nan ba, hanyar ta lalace daga baya, shi ma ƙarfi ya tafi, kuma ban taɓa jin ya yi nadama ba. Abin da na ɗauka shi ne, akwai masu son da ba za su taɓa furta shi ba, kuma in sun ba ka sallahu, ba abin da yake cikin ƙunshin kaɗai suka ba ka ba. Mahaifiyata ta san wannan tun a tabarma, mu sai da muka je Azbin muka dawo.

Ɗan Inna bai zo bayan kwashe albasa ba. Ya dai riƙa aiko da dabino ta hannun direbobi, kowace shekara da alkawarin baɗi. Sai da ta rasu ya zo. Mahaifiyata ce ta raka shi ɗakin, ina biye da su. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon bangon da yake fuskantar gadonta. Sannan ya tambayi tun yaushe hoton yake nan. Mahaifiyata ta ce tun dawowarmu.

Ya ce shi duk shekarun nan ya ɗauka shi kaɗai yake kallon dutsen nan da safe.